Rinin hoto: launin da silima ke raba wa ƙasashe da fuskoki

A lokacin zafi na shekarar 1999 ne ƴan'uwan nan biyu, Joel da Ethan Coen, suka sauka jihar Misisipi ta Amurka domin ɗaukar fim ɗinsu mai suna O Brother, Where Art Thou? Labarin na shekarar 1937 ne, zamanin talauci da ƙura, amma ƙasar da suka tarar koriya ce shar, kamar fadama a tsakiyar damina. Mai ɗaukar hotonsu, Roger Deakins, ya sa aka juye fim ɗin gaba ɗaya cikin kwamfuta, ya shafe makonni yana rage kore, har ganyaye suka koma launin karan gero bayan girbi. Da fim ɗin ya fito a 2000, aka lissafa shi a matsayin babban fim na farko a Holiwud da aka gyara launinsa tun daga farko har ƙarshe ta wannan hanya.

Masu sana'ar na kiran aikin etalonaj da Faransanci. Da Hausa babu kalmar da ta fi rini dacewa da shi, domin kamarar zamani takan fitar da hoto kodaɗɗe, mai ruwan toka, da gangan, don kada abin da ke cikin inuwa ko cikin tsananin haske ya ɓace. Daga nan sai marinin hoto ya karɓa: ya ƙara wa baƙi duhu, ya ɗaga fari, ya cika launi ko ya rage shi, har ma ya ware fuska guda ko sararin sama ya rina su daban.

Cikin ƴan shekaru wani haɗi guda ya mamaye finafinan faɗa na Amurka: ruwan goro a fuska, shuɗi mai ratsin kore a inuwa da bango. Dalilin mai sauƙi ne. Fatar ɗan Adam, fari ne ko baƙi, tana tsakanin ja da ruwan goro, kuma a da'irar launuka abin da ke fuskantar ruwan goro shi ne wannan shuɗin. Idan aka haɗa su, sai fuska ta yi tsalle daga cikin allo. Transformers na Michael Bay, a 2007, yana cikin waɗanda suka yayata salon. George Miller kuwa ya kai shi matuƙa a Mad Max: Fury Road na 2015, wanda aka ɗauka a hamadar Namibiya: rana jawur kamar garwashi, dare shuɗi kamar an tsoma shi a karofi, alhali daren ma da rana tsaka aka ɗauke shi. A wurin Miller abin ya zauna, saboda duniyar da yake nunawa ta haukace, launinta ma ya haukace tare da ita. Abin dariya shi ne, shi da kansa ya fi son fim ɗin a baƙi da fari, kuma ya fitar da shi haka a 2016. Masu kwaikwayonsa sun ɗauki launin, sun bar dalilin.

Akwai wani rinin da ya fi wannan nauyi, shi ne rawayar da ake shafa wa ƙasashen matalauta. A Traffic na shekarar 2000, Steven Soderbergh yana da labarai uku da ke tafiya tare, sai ya ba kowanne launinsa don kada mai kallo ya rikice: Meksiko rawaya mai ƙuna, gidan alƙali a Ohayo shuɗi mai sanyi, San Diyego kusan yadda ido ke ganinta. Dabara ce ta tsara labari. Sai dai dabarar ta zama al'ada. Jerin Breaking Bad, daga 2008 zuwa 2013, yana yawan rina Meksiko da rawaya, kuma a 2020 mutanen Bangaladash suka yi ta ƙorafi a kan Extraction na Netflix, wanda ya nuna Daka, babban birninsu, cikin wata rawaya mai kama da hayaƙi, ga shi kuma mafi yawan fim ɗin a Indiya da Tailan aka ɗauke shi. Mai kallo ba ya lura da sa'ad da ya koyi wannan harshe, amma ya koya: inda duk allo ya yi rawaya, akwai zafi, da ƙazanta, da rashin doka.

Mutumin Sahel ya fi kowa sanin ƙura, don haka ya fi kowa iya gane ƙaryar. Hazon hunturu fari-fari ne, yana dusashe rana har a iya kallonta da ido, yana kodar da launi maimakon ya ƙona shi. Kuma na wani lokaci ne. Ƙasar da ta yi fari fat a watan Janairu ita ce ke yin kore a Agusta.

Abderrahmane Sissako ya san haka. Timbuktu, fim ɗinsa na 2014, wanda ya ɗauka a Walata ta Muritaniya tare da mai ɗaukar hoto Sofian El Fani, ya bar rairayi da katangun ƙasa a launinsu mai laushi, bai cika su ba. Wannan kamewa ce ta ba sauran launuka damar yin magana. A garin da masu bindiga suka tilasta wa mata sa safar hannu da ta ƙafa, Zabu, matar da ake ɗauka mahaukaciya, tana ratsa titi da zakaranta, tana jan doguwar riga mai launuka masu ƙyalli, kuma wannan rigar kaɗai ta isa ta zama bijirewa. Da an rina fim ɗin duka da ruwan goro mai ƙarfi, da rigar Zabu ta nutse cikin hayaniyar launi. Fim ɗin ya samu kyautar César guda 7 a 2015.

Batun fata ya girmi kwamfuta. A wajen shekarun 1950 ne kamfanin Kodak ya fara raba wa masu wankin hoto wani kati mai hoton Baturiya, wanda ake kira katin Shirley, da shi ake daidaita launi a wancan lokacin. Baƙar fuska takan fito babu komai sai ido da haƙora. Binciken da Lorna Roth ta wallafa a 2009 ya nuna cewa cikin abubuwan da suka sa aka gyara akwai koken masu sayar da cakulan da kayan katako, waɗanda hajarsu ba ta fita da kyau a hoton talla. Katin da ke ɗauke da mata masu fata iri-iri bai bayyana ba sai tsakiyar shekarun 1990. Moonlight na Barry Jenkins, a 2016, ya nuna abin da ke yiwuwa idan aka fara daga baƙar fata: mai ɗaukar hoto James Laxton da marini Alex Bickel sun cika launi sosai, sun zurfafa inuwa, amma kowace fuska ta riƙe sheƙinta da ja-jan da ke ƙarƙashinta. Ashe ƙarfin launi da mutunta fuska suna iya zama wuri guda, in marinin ya san fatar da yake aiki a kanta.

Tun daga 2011 ake samun manhajar DaVinci Resolve kyauta, kuma wayar hannu ma tana rini. Matasan da ke ɗaukar biki da waƙa a Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, da Yamai suna da kayan aikin da Deakins ba shi da su a 1999. Da yawa daga cikinsu na sauko da shiryayyen rini daga intanet, wanda ake kira LUT, su ɗora shi a kan hoto da dannawa guda. Galibin irin wannan rini an auna shi ne a kan farar fata da hasken ƙasashen sanyi. Sakamakon yana bayyana a kowane bidiyon aure da aka yi wa haka. Amarya wankan tarwaɗa ta koma kalar manja, lallen hannunta ya haɗe da fatar har zanen ya ɓace. Baƙin dattijo a inuwar rumfa ya rasa kumatu da goshi. Rawanin da aka rina da baba, aka buga shi har yana walƙiya da ɗan ja-ja a cikin shuɗinsa, ya fito kore-kore kamar ruwan tafki.