Sunayen Sifaniyawa Ba 'Yan Rakiyar Turanci Ba Ne

Akwai wani jeri da ba ya ɓacewa daga littattafan koyon Sifaniyanci, suna a hagu, takwaransa a dama: Juan shi ne John, Pedro shi ne Peter, Guillermo shi ne William, Isabel ita ce Elizabeth. Daga ganin wannan sai masu gajen haƙuri su yanke hukunci, wai sunayen Sifaniyawa ba su da abin nazari, na Ingilishi ne aka lanƙwasa. Maganar ba ta da tushe balle makama. Juan bai fito daga John ba. Dukansu jikokin Yohanan ne na Ibrananci, wato "Ubangiji ya yi alheri", sunan da ya bi ta Girkanci ya faɗa Latin, daga nan kowa ya kama hanyarsa.

Tarihin a taƙaice yake. Rumawa sun bar Pablo da Sergio da Julio. Kiristanci ya kawo José da Miguel da Manuel. Ƙabilar Bisigot ta Jamusawan da, wadda ta mulki Sifaniya bayan Rum, ta bar Fernando da Alfonso da Rodrigo, sunan sarkin nan da Ɗariƙu bin Ziyad ya karya a 711. Javier kuwa, wanda 'yan kallon ƙwallo suka sani a bakin Xavi, daga harshen Bask ya zo, ma'anarsa "sabon gida", sunan garin da aka haifi waliyyin Katolika Francisco Javier a 1506.

Inda nake so mai sukar ya tsaya ya duba da kyau shi ne kan sunan Yakubu. A Latin Iacobus ne, sai ya yi wani reshe, Iacomus. Turanci ya ɗauki biyu, Jacob da James, ya tsaya nan. Sifaniyanci bai tsaya ba: ga Jacobo, ga Jaime, ga Yago. Sannan ga abin da ya fi burge ni. Kiristocin ƙasar suna girmama Yakubu almajirin Yesu, wanda suka yi imani kabarinsa yana Compostela, suna ce masa Sant Yago, wato "Yakubu mai tsarki". Yawan faɗa ya sa laƙabi da suna suka narke suka zama kalma guda, Santiago, har ya zama sunan yanka, ya zama sunan babban birnin Chile. Yaron da ake kira Santiago yana ɗauke da laƙabin girmamawa a cikin sunansa, abin da James bai taɓa yi ba. Diego, sunan Maradona, wasu sun ce daga nan ya ɓalle, wasu sun kai shi ga Didacus na tsofaffin takardu. Mai jerin nan ba ruwansa da wannan saɓani, James yake rubutawa ya wuce.

To, a je ga sunayen mata, nan jerin yake rushewa gaba ɗaya. Katolikan Sifaniya ba Maryamu kaɗai suke sa wa 'ya'yansu ba, laƙubbanta suke sawa. Yarinya tana María de los Dolores a takarda, a gida Dolores, ma'ana "baƙin ciki", don tuna abin da suka ce Nana Maryamu ta sha. Consuelo lallashi ne. Pilar ginshiƙi ne, saboda wani ginshiƙi da ke majami'ar Zaragoza, wanda ake bikinsa ranar 12 ga Oktoba. Montserrat dutse ne a Kataloniya. Mercedes jinƙai ne, kuma marsandin da ake taƙama da ita a titi sunan 'yar wani attajiri ta ci, Emil Jellinek, a farkon ƙarni na 20. Guadalupe sunan kogi ne a Extremadura, farkonsa "wadi" ne na Larabci, gadon zaman Andalus. Ya ƙetare teku ya zama sunan da Mekziko ta fi ji da shi, shi ya sa 'yar fim ɗin Kenya da aka haifa a can a 1983 ake ce mata Lupita. Wane ne takwaran Pilar a Turanci? Babu. Namiji ma yakan zama José María, mace María José, na farko ke nuna jinsi. Jesús kuma suna ne na yau da kullum, alhali Baturen Ingila ba ya kusantarsa.

Ra'ayina, kuma ba na ɓoye shi: sunan mutum na gaskiya shi ne wanda bakin danginsa ya sassaƙa. José ya koma Pepe, Francisco Paco, Ignacio Nacho, Dolores Lola, Concepción Concha, Rosario Charo. Wanda ya san yadda Hadiza ta zama Dije, Ibrahim ya zama Iro, ba ya buƙatar dogon bayani. Akwai wani labari mai daɗin ji, wai Pepe ya fito ne daga haruffa biyu, P.P., da ake rubutawa bayan sunan Yusufu mijin Maryamu a littattafan coci. Tatsuniya ce. Tsohon furucin sunan Josepe ne, aka maimaita gaɓar ƙarshe, kamar yadda Giuseppe ya zama Beppe a Italiya.

Wuri ɗaya jerin yake da amfani, shi ne fada. Jaridun Madrid har yau Carlos III suke ce wa sarkin Ingila, mahaifiyarsa Isabel II, ɗansa Guillermo. Wannan al'adar sarakuna ce da fafaroma. Amma talaka mai suna Juan, in ya sauka Landan, Juan yake. Malaman harshe su daina koya wa ɗalibai cewa John ne.