Saƙi da Barage: Darajar Riga da Rabon Masaƙi

A fadar Kano ko Zazzau, tun kafin mutum ya buɗe baki tufarsa ta gama faɗin ko shi wane ne. Saƙi mai ɗigon shuɗi da fari irin na zabo, barage mai jan alharinin da fatake ke kawowa a da daga Tarabulus ta hamada, tsamiya mai zaren da ake samu daga gidan tsutsa, kowanne da mutanen da ya dace da su. Da riga da rawani sarki ke tabbatar da naɗi, kuma kyautar riga ce ke ƙulla bara da ubangidansa. Sai dai wannan daraja tana tsayawa ne a kan mai sawa. Idan ta sauko, iyakarta mai ɗinkin aska takwas ko malum-malum, wanda sau da yawa malami ne ko almajiri. Masaƙi kuwa an ajiye shi cikin ƙananan masu sana'a, ba a kuma tambayar sunansa. Wannan rashin adalci ne, domin a hannunsa kyan rigar yake farawa.

A duba yawan hannun da riga ɗaya ke ratsawa. Manomi ya noma auduga, mace a cikin gida ta gurje ta, ta shiɓe, ta kaɗa zare a mazari ta sami kuɗin kanta ba tare da ta taka kasuwa ba. Masaƙi ya jera zare, yana lissafin shuɗi da fari a ka, yana jefa ƙoshiya har siririyar saƙa ta fito, wadda sai ta yi daidai da 'yan'uwanta kafin a harhaɗa. Idan farar saƙa ce, daga nan sai marina irin ta Ƙofar Mata, sai mabuga. Turkuɗin Kura mai ƙyallin shuni haka yake bi kafin ya zama rawanin Buzaye a Agadas. Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa kayan raƙumi 300 na tufafin Kano ke tafiya Timbuktu duk shekara.

Wani zai ce wannan begen da ne kawai, tunda yadin inji, daga na Ingila har na masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957, shi ya suturta talaka da araha. Gaskiya ne, kuma ba wanda zai so a koma lokacin da zane ɗaya ke cin makonni. Amma saƙi da barage ba su taɓa neman kasuwar araha ba, don haka araha ba ta isa dalilin barinsu. Wani kuma zai ce shadda ta gaje su wajen nuna isa. Ta gada, amma abin da shadda ke nunawa kuɗin mai ita ne, kuma kuɗin yadin ƙetare yake tafiya. Kuɗin saƙi a Kura da Rano da cikin birni yake rarrabuwa, har ya kai ga tsohuwa mai mazari.

Shi ya sa rataye waɗannan riguna a gidan tarihi na Gidan Makama, duk da amfaninsa, ba zai raya saƙa ba. Hawan Sallah, naɗin sarauta da kayan aure su ne suka riƙe ta zuwa yau. Waɗanda ke sayen ta domin waɗannan bukukuwa su ne ke da ikon biyan masaƙi kuɗin gwaninta maimakon ladan ƙwadago, su kuma riƙa faɗin sunansa idan an yaba rigar.