Laifin marubuci ne, ba na mai gadi ba

Duk mai bin shirye-shirye masu dogon zango ya san irin makon da nake nufi. Wancan makon an bar jaruma tana kuka a ƙofar asibiti, kowa ya ƙagu ya ga yadda za a kwashe. Sabon kashi ya fito, sai ga shi an share rabin sa'a ana nuna mai gadin gidansu yana cacar baki da mai shayi a kan bashi. A Tambuwal, inda da yawa ke kai waya wurin masu turi a zuba musu shirin, ba a ɓata lokaci wajen yanke hukunci. Za ka ji dattijon majalisa ya ce wa mai riƙe da wayar: "Kai yaro, wuce muna wurin ga, ba wanga munka taru kallo ba." A ja da yatsa, mai gadi ya wuce da bashinsa.

Masu shirya fim kan ce mutanenmu ba su da haƙuri, soyayya kawai suke so. Ban yarda ba.

Ga Daɗin Kowa, wanda Arewa24 ta fara nunawa a 2015. Shirin ba shi da jarumi ɗaya tilo, gari ne guda da mazaunansa. Ka tambayi kowa a Dogon Daji ko Sanyinna wa ya fi tunawa a ciki, da wuya ka gama zagayen ba a ambaci Kamaye da matarsa Adama ba. Ba kyawawan samari ba ne, ba su da mota, rigimarsu ba ta wuce ta cefane da rashin wadatar zuci ba. Haka Baba Ɗan Audu a Labarina na Aminu Saira, wanda aka fara a 2020. Rabi'u Rikadawa, wanda ya fito a matsayinsa, ya ɗauki mutumin da ya kamata a tsana, ya mayar da shi wanda ake jira ya buɗe baki. In da gaske ne masu kallo na ƙin 'yan gefe, da waɗannan ba su yi suna ba.

Abin da ya raba su da mai gadin can a fili yake. Kowannensu akwai abin da yake nema ido rufe, kuma in ya yi ɓarna, tana faɗawa kan wani a cikin labarin. In ka tsallake wurin Baba Ɗan Audu, mako mai zuwa sai ka tambayi na kusa da kai me ya faru. In ka tsallake mai gadi, ba ka rasa komai ba, domin marubucin ma bai ajiye komai a wurin ba.

To me ya kawo yawaitar irin wannan? Kuɗi ne. Tun da kasuwar faifai ta mutu, Kannywood ta koma talabijin da YouTube, inda ake samu gwargwadon talla da yawan kallo. Dole kowane mako a fitar da wani abu. Manyan jarumai suna da tsada, kuma mutum ɗaya yana iya riƙe shiri uku a lokaci guda, yau yana Kano gobe yana Kaduna. Mafita mafi arha ita ce a samo mutum biyu, benci ɗaya da bakin shago, a ce su yi ta yi har lokaci ya cika. Kamar mai nono ce ta ga kasuwa ta ci, ta ƙara ruwa a ƙwarya. Wanda ke wani ƙauye a Kebbe, da ya biya kuɗin caji, ya sayi data, ya yi ta neman inda sabis ya fi ƙarfi, shi ake sayar wa ruwan.

Ba mu kaɗai ke fama ba. A Amurka, shirin Lost ya cusa wasu mutum biyu, Nikki da Paulo, a zango na uku. Masu kallo suka ƙi su, har a 2007 marubutan suka ware musu kashi guda suka binne su da rai. Can an ji kuka an gyara, ko da gyaran ya zo da mugunta. Nan kuwa sai a ce ɗan kallo ne bai waye ba.

Akwai kuma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Sau da yawa in za a kawo ɗan cike gurbin nan, sai a sa masa hula a karkace, a ba shi Sakkwatanci a baki, wanda ma bai iya ba, a ce ga abin dariya. Mu da iyayenmu suka kalli Idon Matambayi a NTA Sakkwato mun san harshen nan yana ɗaukar wasa, yana ɗaukar magana mai nauyi. Manomin albasa da farashi ya karye masa bayan ya ci bashin taki, ko matar da mijinta ya tafi cin rani kudu ya bar ta da yara da suruka, kowannensu ya isa a gina masa kashi guda cur, kuma babu mai taɓa waya har a gama. Irin waɗannan mutane su ne mafi yawan masu kallon, amma a allo ba a ba su komai sai buɗe ƙofa da shan tsawa.

Don haka ba cewa nake a kore su ba. Marubutanmu, in za ku ba mai gadi rabin sa'a, ku ba shi damuwar da za ta taɓa gidan da yake gadi, ku nemo wanda ya iya harshen da kuka sa masa. In ba za ku iya ba, ku rage tsawon shirin, zango goma bai zama dole ba.