Mai Gyaran Lam a Ƙasar Duwatsu

Wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Madawa, ta ratsa Buza, ta nufi Keita a bayan tsohuwar bashe, wato motar a-kori-kura, ya san ƙasar Adar ba ta yi wa ƙarfe sassauci. Dutse ne, sai gangare, sai ƙoramar da ruwan damina ya cinye bakinta. Ga kuma lodi: albasar kwarin Tarka, gero, awaki, da fasinja zaune bisa kaya. Duk nauyin nan a kan wasu ƴan fallayen ƙarfe yake sauka, waɗanda direbobinmu ke kira lam, ƴan'uwanmu na Najeriya kuma su ce sifirin.

Bashen Peugeot, ko 404 da aka fara ƙera jinsinta a 1960, ko 504 ta 1968 wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, lam ne ke riƙe da bayanta. Haka tsohuwar Land Cruiser, haka Hilux. Masu kuɗin Turai da ke tattalin tsofaffin motocin tsere irin MGB ta Ingila, ko Mustang ta Amurka da ta fito a 1964, da irin wannan ƙarfe suke fama. Sai dai su, sabo suke saye cikin kwali. Bakanikenmu da abin da ya samu yake aiki, kuma a nan gwanintarsa take.

Na wuni a garejin wani dattijo a Madawa ina kallon yadda yake canza uwar lam, wato falle mafi tsawo, mai naɗaɗɗen ido a kowane ƙarshe. Bai taɓa kile ba, wato sifana, sai da ya koma bayan motar ya tsaya nesa kaɗan, ya ƙura mata ido. Ya ga ta karkata hagu. Ya durƙusa, ya bi fallayen da ƙaramar guduma yana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen falle amo yake yi, tsagagge kuwa muryarsa a dushe take.

"Alhaji," ya ce wa mai motar, "ba ɗaya ta karye ba. Ta ƙarƙashinta ma ta tsage."

"To, Maigida, a yi mata walda mana, gobe kasuwa."

Dattijon ya girgiza kai. Ƙarfen lam an hore shi da wuta tun a masana'anta, yadda zai lanƙwashe ya koma yadda yake. Zafin walda yana kashe wannan horo, sai wurin ya yi gautsi, ya sake ɓallewa a gargadar farko.

Aka sa duwatsu a ƙafafun gaba. Aka ɗaga motar, aka tokare gangar jikinta da guntayen itace masu kauri, jak kuma ya koma ƙarƙashin aksil don ya tallafe shi. Dattijon ba ya barin yaro ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko da na ƙiftawar ido ne. Notocin da ƙura da tsatsa suka cije, tun da safe ya jiƙa su da baƙin mai da kananzir ya bar su su sha. Da lokaci ya yi, aka zura bututu a kan kile don ƙarin ƙarfi, aka kwance ƙarafan nan biyu masu siffar ƙugiya da ke ɗaure lam da aksil, sannan aka zare kusoshin ido na gaba da na baya.

Wurin da na fi riƙe numfashi shi ne buɗe damin fallayen. Fallayen suna matse ne da kusa ɗaya a tsakiya, kowanne da lanƙwasarsa, kowanne yana neman hanyar kuɓuta. Wanda ya kwance kusar nan da gaggawa, ƙarfe zai yi tsalle ya same shi a ƙauri ko a fuska. Dattijon sai da ya danne damin a matsi, ya cire kusar, sannan ya riƙa sassautawa sannu-sannu har ƙarfen ya huce.

Ɗaya daga cikin fallayen gwanjo da aka samo bai yi daidai da sauran ba, ya miƙe don tsufa. Nan aikin ya koma na maƙera. Aka ɗora shi kan wani ƙaton ƙarfe mai kwarmi, dattijon ya ja layuka da alli, yaro ya ɗauki babbar guduma yana bugun kowane layi, ba tare da an sa wuta ba. Bayan kowane zagaye sai ya kifa shi kan lafiyayyen falle ya leƙa tsakaninsu. "Ƙara biyu a nan. Kar ka kusanci ramin tsakiya." Ba shi da ma'auni sai ido, amma da aka jera fallayen suka kwanta kamar tare aka haife su.

Kusar tsakiyar nan, ƙanƙanuwa ce, amma kanta yana shiga wani rami a kan aksil, shi ke tsayar da ƙafafun baya a inda ya kamata. Idan ka ga mota tana tafiya a karkace, gabanta na nan bayanta na can, tana cin taya gefe guda, sau da yawa wannan kusa ce ta karye ko ta kauce. Sabuwa ya sa, bai yarda da tsohuwa ba. Ya canza robobin ido, ya ɗaure ƙugiyoyin bi da bi, wannan kusurwa sannan kishiyarta, don matsin ya zauna daidai.

Sai abin da ya fi burge ni. Kusoshin ido bai ƙarasa ɗaure su ba. Ya sa aka sauke motar ƙasa, yara uku suka hau baya suka yi ta girgiza ta har ta zauna a tsayinta, sannan ya kwanta a ƙasa ya matse su. Robar da aka matse mota na rataye, in ji shi, a murɗe za ta kwana, a murɗe ta tashi, ba za ta kai kaka ba.

Ya koma inda ya tsaya da safe ya sake dubawa. Bayan motar ya daidaita.

"Alhaji, in ka dawo daga Buza ka biyo in ƙara ɗaure ƙugiyoyin. Sabon ɗauri yana saki."

Karyayyar uwar lam kuwa ba ta kwana a garejin ba. Kafin magariba ɗan maƙeri ya zo ya ɗauke ta a ka, za a fitar da gatari da wuƙaƙe biyu a jikinta.