Littafin Thomas Kuhn da Sauron Bagudo

Duk mai karatun digiri na biyu a tarihi da falsafar kimiyya sai ya gamu da littafin Thomas Kuhn na 1962, The Structure of Scientific Revolutions. Kuhn ya ce masana suna aiki cikin tsarin tunanin da suka gada. In matsalolin da tsarin ya kasa warwarewa suka taru, sai a ture shi a kafa sabo. Nan ya yi daidai, ya kuma koya wa masana tawali'u.

Rauninsa shi ne ya ƙi yarda cewa sabon tsari yana kai mu kusa da gaskiya. Mu gwada wannan da zazzaɓin cizon sauro. Da, likitocin Turai sun ɗora laifin a kan mugunyar iskar fadama. A 1880 Laveran ya ga ƙwayar cutar cikin jini, a 1897 Ross ya same ta cikin sauro. An rabu da kuskure ke nan, an kama gaskiya. Shi ya sa gidan sauro yake kare yaro a Illo ta ƙaramar hukumar Bagudo, yake kuma kare ɗan'uwansa a Malanbil ta Benin, ko da yake harshen makaranta da kuɗin kasuwa sun bambanta.

Saboda haka, ɗan'uwa mai hidima, kada ka fake da Kuhn ka ce wa ikkilisiya kimiyya ra'ayi ce kawai. Uwar da ta ji haka daga bakinka tana iya ƙin kai ɗanta asibiti.