Tambarin Tsohuwar Mota da Zubin Kakin Zuma

Masu rainon tsofaffin motoci a Amurka da Ingila suna da wata damuwa da wanda ba ya harkar zai ɗauka wasa ce. Inji a kan samu kayan gyaransa, jiki a kan buge shi a yi masa fenti. Ɗan tambarin da ke goshin mota, ko rubutun sunanta da ke maƙale a gefe, shi ke hana su barci. Kamfanin Packard ya daina ƙera mota a 1958, Studebaker ya bi sahu a 1966. Wanda ke riƙe da ɗaya daga cikinsu, idan tambarinsa ya karye, ba shi da ƙofar kamfanin da zai ƙwanƙwasa.

Tun asali ba a yi waɗannan tambura don su daɗe ba. Yawancinsu an zuba su ne da zamak, wato tutiya da aka haɗa da ɗan alminiyum kimanin kashi 4 cikin 100, aka lulluɓe da ruwan kurom don sheƙi. Da laima ta sami kafa ta shiga ƙarƙashin kurom ɗin, sai fuskar ƙarfen ta yi zanzana. Walda kuma wuya gare ta, domin zamak na narkewa a wajen digiri 385 kacal. Kafin ka haɗe tsaga, gefen ya zube.

Daga nan wasu suka koma zuba nasu a gida. Mutum ya aro lafiyayyen tambari wurin abokin sha'awa, ya kwantar da shi cikin ɗan akwati, ya kwarara masa silikon, wata roba mai ruwa-ruwa da ke daskarewa cikin kwana guda. Idan ya zare tambarin, ya sami mazubi. Masu gaggawa kan zuba haɗin kuza kai tsaye a cikin silikon mai jure zafi, tunda narkewarsa ba ta kai digiri 250 ba, amma abin da ke fitowa laushi gare shi. Tagulla kuwa sai ta haura digiri 900, za ta ƙone robar ƙurmus. Don haka sai a bi ta kan kaki: a zuba narkakken kaki a mazubin, a fito da tambarin kaki, a liƙa masa 'yan sandunan kaki da za su zama hanyar ƙarfe da mafitar iska, a binne shi cikin kwaɓin filasta mai garin yashi, a gasa na sa'o'i har wajen digiri 700. Kakin ya tsiyaye, sauran ya ƙone, ya bar gurbinsa. A tuttula tagulla, a jira, a fasa.

Wannan rabin na biyu ba baƙo ba ne a wajenmu. Da shi aka zuba kayan tagullar Igbo-Ukwu tun wajen ƙarni na 9, da shi aka yi mutum-mutumin Tada a ƙasar Nufe, da shi maƙeran Buzaye suka saba zuba ɗan abin wuyan azurfar nan na Agadas, da kakin zuma da yumɓu da gawayi da zuga-zugi. Kai, 'yar matar nan mai bazazzen mayafi da ke goshin motocin Rolls-Royce, wadda Charles Sykes ya zana a 1911, har gobe ta wannan hanya ake zuba ta.

Bambancin yana wurin silikon, kuma a nan nake ganin ya kamata a tsaya a duba. Maƙerin gargajiya da hannu yake sassaƙa kakinsa, kuma duk zubi ɗaya yana cinye kaki ɗaya da mazubi ɗaya. In yana son na biyu sai ya sake sassaƙawa, shi ya sa ba ka samun biyu iri ɗaya sak. Silikon ya ɗauke wannan nauyi, ya kuma kawo wata yaudara: mutum ya ɗauka tunda robar na kwashe komai, har sawun yatsa, aikin ya ƙare. To ai komai ɗin ya haɗa da zanzanar, da ƙarzar shekara sittin, da kaurin kurom da ya dusashe bakin haruffa. Roba ba ta san aibi ba. Wanda ya gaggauta zuba ƙarfe, tsatsar wani ya mayar tagulla.

Gwanintar tana kan kakin. A nan ake zama da ɗumammen tsinken ƙarfe ana cike ramuka ɗaya bayan ɗaya, ana fito da kaifin harafi, domin abin da minti biyar zai gyara a kaki, yini guda da magagari ba zai gyara a tagulla ba. Sannan ga ƙanƙancewa. Kaki na motsewa idan ya huce, tagulla ma ta rage kusan kashi ɗaya da rabi cikin 100. A rubutu mai tsawon santimita 30, hakan ya haura milimita 4, ya isa ya hana ƙusoshin bayan tambarin shiga hujojin jikin mota. Masu hankali kan yanke ƙusoshin, su liƙa sababbi bayan zubi bisa awon motar. Kwafin da aka ɗauka daga kwafi kuwa, ƙara tsukewa yake yana ƙara dakushewa.

Haɗari ma ba na wasa ba ne. Ɗigon laima a cikin mazubi kan watso narkakken ƙarfe a fuska, farin hayaƙin tutiya kuma na jawo zazzaɓi da ciwon jiki ga wanda ya shaƙa a rufaffen ɗaki.

Abin da ba na yarda da shi shi ne a goge sabon zubi, a tsufar da shi da gangan, a kai kasuwa da sunan na asali. Wasu masu zubin kuwa kan buga ɗan harafin sunansu da shekara a bayan tambarin, inda ba wanda zai gani sai makanikin da zai kwance shi wata rana.