Bakan Gizo a Cocin Wusasa

A ƙauyukan Ingila da dutse ake gina coci, a ɗora masa hasumiya mai ƙararrawa, wasu ma sun haura shekara 800 a tsaye. Amma da 'yan mishan na CMS suka tashi daga birnin Zariya suka koma Wusasa a 1929, cocinsu na St. Bartholomew da jar ƙasa aka tayar da shi, ga kuwa dutse nan a kusa. Addu'ar ta Angalikan ce, ginin kuwa na maginan Zazzau.

Duk wanda ya taɓa cuɗa ƙasa ya san jera tubali ba shi ne mai wuya ba. Rufi ne ke raba magini da mai koyo. Azara, wato tsagin giginya, gara ba ta cin ta, sai dai tana da iyaka: da zarar tazara ta wuce kamu huɗu, sai ta fara lanƙwasa in an aza mata ƙasa. To yaya za a rufe ɗakin da zai ci jama'a masu yawa?

Nan bakan gizo ke shigowa. Magini zai kafa azara cikin bango ta ɗan leƙo waje, ya ɗaure ta tamau, ya danne gindinta da ƙasa, ya bar ta ta bushe. Sai ya ɗora wata ta zarce ta farko, abokin aikinsa na yin haka daga ɗaya bangon, har ƙafafun biyu su yi gaisuwa a sama. A bi da yaɓe, itacen ya ɓace, ido ya ga baka sumul kamar zuba shi aka yi. Ba takardar zane; ido ne ma'auni, da haƙurin jiran rana. Mai gaggawa kan ga aikinsa a ƙasa tun kafin damina.

Wannan dabara tsohon gado ce. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya nuna iyakarta a masallacin Juma'a na Zariya, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, kusan shekara 100 kafin cocin Wusasa. Ni dai abin da ke burge ni ke nan: dabarar da ta rufe sahun masallata ita ta rufe bencin masu sujada.

Sauran aikin na kowace shekara ne. A duba indararo, a toshe tsaga, a sake shafe waje da makuba kafin hadarin farko ya taso daga gabas.